Waɗanda Suka Riga Mu Shiga Kulle

Daren da dokar kulle ta fara aiki a Kano na buga wa yayata waya ina ta ƙorafi kamar wanda aka yi wa sata ranar kasuwa. Tana aure a Gaya, ni ina gida Balan. Ta bari na zazzage cikina tas, sannan ta ce, "Auta, wai kulle kuke wa kuka? To sannunku da zuwa. Mu shekararmu goma sha ɗaya a ciki." Na yi dariya don kada a ce ban san wasa ba. Sai da azumi ya yi nisa na gane ashe karatu ta ɗora mini.

Alhamis ce, 16 ga Afrilu, 2020, da ƙarfe goma na dare, kwana biyar da tabbatar da mutum na farko mai korona a jihar. Makarantu an riga an rufe su tun watan Maris. Gwamna Ganduje ya ce mako guda za a yi. Azumi ya kama ranar 24 ga wata, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu. A ƙauye doka takan iso da gajiyar hanya, babu mai hana manomi sharar gona a tsakiyar bazara. Amma kasuwanni sun tsaya, motoci sun yi wuya, taro kuwa ya zama abin tsoro. Mu kuma taro shi ne jarinmu.

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ce da mu, mutum goma sha biyar, sunanta bai taɓa tsallake gonakin bayan gari ba. Akwai malaman firamare uku, da tela, da mai faci, da 'yan acaɓa biyu, sauran ɗalibai ne da manoma. Ni ne sakatare, don ni ke da littafi da biro. Filin makaranta ne dandalinmu bayan isha'i, da ɗan janareta na aro da ƙwan fitila biyu a kan gora. Mukan yi wasa da Sallah, da biki idan mai bikin na da hali, da lokacin rigakafi idan an nemi a wayar wa jama'a kai. Mace ba ta hawa dandalinmu. Telan nan shi ke ɗaura zani ya kafa ɗankwali ya maƙale murya, kuma da ya fito yana rangwaɗa fili ya kaure da shewa tun bai buɗe baki ba. Kowace ƙungiya irin tamu a karkarar Kano tana kwana da labarin Tumbin Giwa, waɗanda su ma daga wasan daɓe suka taso har suka yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafin Kannywood daga kansa. Ba mu taɓa faɗa da baki ba, amma kowa na ganin wata rana mu ma sai haka.

Wata uku muka yi muna gwajin wasan Sallar shekarar. Labarin wani ɗan ci-rani ne da ya dawo daga Legas da kayan aro yana yi wa gari ƙaryar arziki. Sai ga labarin mace-mace daga birni. Kullum rediyo da sanarwar rasuwa: Farfesa Ibrahim Ayagi, Farfesa Balarabe Maikaba, sai Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila a farkon Mayu. Daga baya ministan lafiya ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma rabi ko fiye na iya zama da hannun cutar a ciki. Masu cewa ciwon masu hawa jirgi ne suka rage murya. Shugabanmu ya naɗe zanin tela da gemun roba ya cusa a buhu, ya ce sai abin da Allah ya yi.

Wani yaronmu da ke karatu a jami'ar Wudil, rufe makarantu ya dawo da shi gida, shi ya ce duniya ai ta koma Zoom. Ya nuna mana a wayarsa yadda babban gidan wasan kwaikwayo na Landan ke sakin wasanninsa kyauta a YouTube duk mako. Muka ce to mu gwada. Cikinmu mutum shida ne masu babbar waya, sauran ƙananan nan ne masu tocila. Mu mutanen ƙasar Gaya muna bugun ƙirji cewa maƙeranmu, Abagayawa, su suka je Dala neman tama har Kano ta kafu, amma ranar nan mun san wa ke gaba a zancen sabis. Ɗaya ya hau katanga, ɗaya ya tafi gindin tsamiyar da aka san waya na kamawa. Fuskar shugaba ta daskare baki buɗe. Tela ya jefa maganar da ta saba kayar da mutane, amsar ba ta zo ba sai da ya fara wata. Wasan barkwanci kuwa ɗan lokaci ne, kamar tuyar ƙosai, ka yi jinkiri kaɗan ya ƙone. Kafin rabin sa'a datar mutum uku ta ƙare. Ba mu sake ba.

Na kai wa Yaya labari ina neman ta taya ni jaje. Ta ce, "Ku maza komai sai kun taru kun ga juna. Wa ya gaya maka dole sai lokaci ɗaya?"

A nan ne na fara sanin wata duniya da ke cikin ɗakunan gidajenmu, wadda muke wucewa ta ƙofarta kullum ba mu leƙa ba. Yaya ta yi shekaru a zaurukan WhatsApp na masu karanta littafi. Marubuciya na ɗakinta a Gusau ko Azare ko Maraɗi, tana buga labari da babban yatsa tsakanin girki da goyo, ta saki shafi ɗaya yau, gobe wani. Shafukan farko kyauta, da labari ya ɗau zafi sai a ce mai son ci gaba ta turo ɗari biyu ko uku, ko da katin waya ne, a sa ta a zauren masu biya. Masu karatu na yi mata gardama, suna roƙon kada ta kashe wane, suna zagin wance kamar kishiyarsu ce ta gaske. Abin yana da tushe. Tun So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mata ke riƙe da babban kaso na adabin kasuwar Kano, masu rubutu da masu saye. Da takarda ta yi tsada suka koma waya ba tare da wani ya shirya musu taron bita ba. Har BBC Hausa ta buɗe musu gasar Hikayata a 2016. Abin da muke kira sabuwar matsala, wato yadda za ka isar da fasaharka ga jama'a alhali ba ka da ikon fita, su sun daɗe da warware shi.

Ta shimfiɗa mini dokokinta kamar mai koya wa amarya girki. Kada a ce kowa ya hallara, matar gida ba ta da sa'a guda da take tata, kowa ya turo nasa sa'ad da hannunsa ya sarara. A bar hoto, murya ta fi sauƙin data, kuma ƙaramar waya ma tana ɗauka. A yi aike da tsakar dare lokacin da data ke araha, ga shi azumi ne, kowa idonsa biyu da sahur. A yanka labari gunduwa-gunduwa, minti biyar ko shida, a kuma tsaya daidai inda ƙishirwa ta kama mai sauraro. "Kada ka bari su ƙoshi," in ji ta. "Wanda ya ƙoshi ba ya dawowa."

Haka wasan Sallarmu ya zama wasan kunne, irin na rediyo da muka tashi muna ji. Ina rubuta wa kowa layinsa in tura, wanda ba shi da babbar waya in kai masa a takarda in tsaya daga nesa ya karanta a tawa. Ɗan Wudil ya zauna da wata manhaja yana ɗinke muryoyin. Wahalarsa ba kaɗan ba ce, don kowace murya da gidan da ta fito: wannan da kukan jariri, wancan da tabarya, kusan kowa da zakaransa na asuba. A wata fitowa da ake nufin tsakiyar Legas ce, jakin maƙwabcin mai faci ya ɓarke da kuka daidai inda ɗan ci-rani ke rantsuwa cewa bene mai hawa bakwai yake kwana. Yaron ya so ya goge, shugaba ya ce a bari. Har yau idan an tuna wasan, jakin ake fara ambata.

Sai maganar matan wasan. Tela ya turo nasa, uwar ɗan ci-rani. Babu zani, babu rangwaɗa, sai ƙaton namiji yana maƙale murya cikin dare. Ba dariya a ciki ko kaɗan. Na tura wa Yaya ta ji, ta dawo mini da saƙo: "Wace uwa ce take magana haka? Ku dai kun ɗauka mace ba ta da aiki sai masifa da habaici." Ba ta tsaya nan ba, ta karanta layin da muryarta, ta canza rabinsa. A rubutuna, uwar na tsine wa ɗanta da ta gano kayan aro ne. A nata, uwar ta riga kowa ganewa tun ranar da ya sauka, don ta ga takalmin ya yi masa yawa, amma ta yi shiru, tana ta ƙara masa miya, tana tare masa bakin mutane, tana sayar da 'yar akuyarta a ɓoye don ya samu na sallamar masu zuwa gaisuwa. Na saurara sau uku a zaure. Shekara bakwai ina rubuta uwaye da matan aure, ashe inuwarsu nake zanawa daga bakin ƙofa.

Sai da na je wa mijinta da maganar, don ba a yi wa mutum shigo-shigo a gidansa. Na ce masa, "Murya ce kawai, ba fuska, ba suna." Ya yi jim, ya ce in dai ba za a ambace ta ba, ba laifi. Ta jawo ƙawayenta biyu. Ta uku mijinta ya ce muryar matarsa ba ta yawo a wayoyin maza ba ce, muka ce ya yi gaskiyarsa, muka bar zancen. Tela ya yi fushi na kwana biyu, aka ba shi dillalin da ya ba da aron kayan, ya kuma yi abin kirki da shi.

Zauren da muka buɗe ya cika cikin mako guda, lokacin WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, sai da muka buɗe na biyu. Yawancinsu 'yan ci-ranin ƙasarmu ne, na Balan da Kademi da Shagogo da ƙauyukan Ajingi, waɗanda hana zirga-zirga tsakanin jihohi ya ritsa da su a Legas da Fatakwal da Abuja, ba aiki, ba hanyar gida, ga damina na matsowa. Labarin ɗan ci-rani maƙaryaci muka tura wa 'yan ci-rani, ina tsoron za su ji haushi. Su suka fi kowa nema. Wani mai gadi a Legas ya turo murya yana dariya har ta rikiɗe masa, ya ce shi ba labarin ne ya kama shi ba, zakarun ne.

A cikin gari kuwa ba ta intanet wasan ya zaga ba. Ta shagon mai caji ya bi. Duk wanda ya zauna a karkara ya san shagon nan: allon katako mai ramukan soket, wayoyi jere da lamba a bayansu, tsohuwar kwamfuta da ake tura wa mutane fina-finai da wa'azi da waƙoƙi a memori. Mutum ɗaya ya sauke, mai caji ya zuba wa hamsin, su kuma su raba ta Xender da bulutut. Daga nan ya faɗa 'yan rediyoyin nan masu cin memori, ya shiga tsakar gidaje. Tsofaffin da ba su taɓa zuwa filin makaranta ba, da matan auren da sai dai yara su ba su labarin wasanmu, suka ji da kunnensu ana tankaɗen garin tuwo. Gwaggona ta tare ni ta ce, "Kai ɗan nan, wannan uwar ta cikin rediyo 'yar gidan mutunci ce. Wace ce?" Na ce ban sani ba. Ta harare ni, don ita ta yi wa mai muryar wankan jego.

Abin da muke yi da cokali, birni na yi da shebur. Kasuwar faifai ta riga ta mutu a hannun masu satar fasaha da masu turawa a waya, korona ta zo ta rufe sinima ta tsayar da ɗaukar fim. A shekarar ne Izzar So na Lawan Ahmad ya kama gari daga tashar Bakori TV a YouTube, Labarina na Aminu Saira ya fito a Arewa24 da YouTube. Fim mai dogon zango ya kori mai kashi ɗaya da na biyu, kowa ya koma jiran mako. Da na lura da yadda suke yanke kowane kashi a bakin ƙishirwa sai na tuna dokar Yaya. Mu ma mun buɗe tasha, amma lokacin YouTube ba ya fara biya sai kana da mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000, mu kuwa masu sauraronmu na shagon mai caji, inda ba a ƙirga kowa. Wani da ba mu sani ba ya kwashe wasan ya manna masa hoton wata jaruma ya sa a tasa tashar, ya fi mu samun jama'a nesa ba kusa ba.

Ba zan ce ba mu yi asara ba. Akwai wani kawunmu da ba ya fashin wasa, yakan zauna gaba da sandarsa, da mugun cikin wasa ya fara ƙulla sharri sai ya miƙe ya ce, "Ƙarya kake, ɗan banza!" Fili ya ɗauka, ɗan wasa ya juyo ya ba shi amsa, a yi minti biyar da babu su a takardata, kuma sukan fi abin da na rubuta daɗi. Ɗan wasan daɓe da kunnen jama'a yake tafiya, in dariya ta zo ya ja, in ta ƙi ya tsallake. A waya sai 'yar fuskar nan mai hawayen dariya, guda ashirin a jere, ba ka san wanda ya yi da gaske ba. Kawu bai taɓa yarda ya saurari na memori ba. Ya ce shi ba ya zagin wanda ba ya gani.

Tashe kuwa ba ya shiga waya sam. Goma ga azumi ta zo ta wuce, yara suka ɗan taɓa Jatau Mai Magani a lungu, manya suka kore su. Tashe na bukatar ƙofar gida, da sallama, da ƙwaryar da za a zuba hatsi, da maigidan da za a tsokana a gabansa ya rasa yadda zai yi sai ya ba da sadaka. Kuma yana da wata kariya da ba mu san darajarta ba sai daga baya: abin da aka faɗa a tashe da daren yake tafiya. A yi wa gwauro, a yi wa malam, a yi wa mai gari shaguɓe, gari ya waye ba shaida. Waya ba ta mantuwa. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara saboda wani bidiyo da suka yi a kan gwamna. Tun daga ranar shugabanmu ke bin rubutuna da jan biro.

An yi Idi a shekarar, ba a yi hawa ba. Farkon Yuli aka ɗage dokar kulle, lokacin ruwa ya sauka kowa na gona. Sai bayan kaka muka koma filin makaranta da wasan nan dai, wanda gari ya riga ya haddace. A nan ne abin da har yanzu yake ci mini rai ya faru, kuma ba wanda ya yi gardama, har ni. Aka buɗe buhu, aka miƙa wa tela zaninsa. Ya fito yana rangwaɗa, aka yi shewa, ya buɗe baki ya faɗi kalmomin Yaya, na uwar da ta ga takalmi ta yi shiru. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Mutane suka yi dariya a inda da suka yi tsit a tsakar gida. Mai kalmomin tana Gaya, ko labarin ranar ba mu kai mata ba sai da ta tambaya. Samarin da ke gaba kuma rabinsu ta cikin waya suke kallonmu, hannu a sama.

Ƙungiyar ba ta mutu ba, ta dai rabe. Ɗan Wudil na Kano yana tace finafinai masu dogon zango. 'Yan acaɓan nan biyu sun koma TikTok, suna barkwancin minti ɗaya, an fi sanin fuskarsu a Kaduna fiye da yadda aka taɓa sanin ƙungiyarmu a Gaya. Mu ragowar mukan hau dandali da Babbar Sallah idan an samu man janareta. Kawu ya rasu, wurin zamansa na gaba yara ke rububinsa.

Zauren murya kuwa yana nan, sai dai ya canza hannu. Ban san ranar da abin ya faru ba, na dai duba wata rana na ga Yaya ce mai gudanarwa, matan sun kai goma sha, daga Gaya da Ajingi da Albasu har da wata a Damagaram, su ke rubutawa, su ke raba fitowa, duk azumi da sabon labari. Maza sai an neme mu. A azumin da ya wuce aka ba ni ɗan aike, layi huɗu. Na ɗauka da sahur na tura. Kafin a kira assalatu amsa ta dawo.

"Auta, sake. Kana sauri kamar ana bin ka bashi. Kuma ɗan aike ba ya shiga gidan mutane ba sallama."

Na ɗauki wayar na zaga bayan rumbu, inda iska ba ta bugawa, na jira zakaran gidanmu ya gama.